Kogunan Yungang Da Tukunyar Matafiyi

Wasu na ganin bai dace Musulmi ya ziyarci kogunan Yungang na ƙasar Sin ba, kusa da birnin Datong, inda mabiya Buddha suka fara sassaƙa gumaka cikin dutse wajen shekara ta 460 miladiyya. A fahimtata, in don wa'aztuwa ne babu laifi: daular Wei da ta ɗauki nauyin aikin ta wargaje a 534, gumaka 51,000 ba su cece ta ba.

Inda nake jin tsoro shi ne akushi. Taliyar Datong ta shahara, amma galibi da naman alade ake miyarta. Ɗan uwa, nemi naman halal, ka soya da albasa da tumatir, ka dafa taliyarka da hannunka.

Wallahu a'alam.