A Gyara Ɗaki Kafin A Sayi Sabuwar Lasifika

Zancen kimiyya na wannan mako a kan lasifika ne, watau irin wadda mai ɗaukar murya ke kafawa a gabansa domin ya ji aikin da ya yi. A zamanin nan akwai Hausawa da yawa, daga zangon Kumasi har Jidda da Landan, waɗanda suka mai da ɗakunan kwanansu wurin ɗaukar waƙa, ko wa'azi, ko karatun littattafai. Da zarar aikin ya ƙi daɗin ji, sai mutum ya ɗora wa lasifikarsa laifi, ya shiga tara kuɗin wadda ta fi ta girma. Sau da yawa kuwa asarar dukiya ce, domin laifin na ɗakin ne.

Ga dalili. Sauti yana tafiyar ƙafa wajen 1,130 a sakan guda. In ya fito daga lasifika ba kunne kaɗai yake nufa ba, sai ya bugi bango ya komo, ya gamu da wanda ke biye da shi. A ɗakin da tsawonsa ƙafa 12 ne, sauti mai kauri irin na tambari, mai girgiza sau 47 a sakan, yakan taru jikin bango har ya yi ruri, amma a tsakiyar ɗakin sai ya kusa ɓacewa. Wanda ya zauna inda ya ɓace zai yi ta ƙara kauri cikin aikinsa, sa'an nan in aka sa waƙar a mota sai ganga ta danne muryar mawaƙi. Babbar lasifika kuwa ƙara wannan cuta take yi, tun da ita ce ta fi fitar da kauri.

Masana sun daɗe da gane haka. Cikin 1895 aka ba wani malamin kimiyya na Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca, inda kalma guda kan yi amsa kuwwa fiye da sakan 5. Sai ya riƙa ɗebo matasan kujeru da dare daga wani zaure, yana shimfiɗawa yana awo da agogo, har ya tabbatar cewa kaya masu laushi su ke shanye amsa kuwwa. Abin da ya gano shi magina ke bi har wa yau.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne a fara da gyaran da ba ya cin kuɗi. A sa tazarar da ke tsakanin lasifika biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kan mai sauraro, a kuma ɗaga su daidai kunnensa. Sa'an nan ya zauna a mazauninsa, wani ya riƙa jan madubi jikin bango. Duk inda ya hango lasifika cikin madubin, nan ne sauti ke komowa, nan za a rataya bargo mai kauri, ko allon audugar gilashi mai kaurin inci 4 da aka rufe da yadi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa ba ya tsare kauri ko kaɗan.

Wani zai ce, to, ashe sabuwar lasifika ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, in tsohuwar tana karkarwa, ko kuwa irin ta biki ce wadda aka ƙera domin ta ƙawata sauti. Amma fa aikin lasifikar ɗaukar murya faɗin gaskiya ne, ko da ɗaci. Wajen 1975 injiniyoyin BBC suka ƙera wata mai suna LS3/5A domin motocin watsa shirye-shirye, tsayinta inci 12 kacal, ta kuwa yi suna wajen fitar da muryar ɗan Adam yadda take. Ita kuma NS-10 ta kamfanin Yamaha, wadda ta fito cikin 1978, mutanen gida ba su so ta ba saboda kaifinta, amma masu haɗa waƙoƙi suka rungume ta domin ba ta rufa wa kuskure asiri. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

In lokacin saye ya yi, sai a yi hattara da yaudarar kunne. Cikin 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri sosai sai an ƙara ƙarfi, don haka duk wadda aka fi buɗe wa murya a kanti ita za ta fi burge mai saye. A gwada su da ƙarfi ɗaya, da muryar wanda aka sani ƙwarai. Ƙaramin ɗaki kuwa mai faɗin baki inci 5 ta ishe shi, ragowar kuɗin a kashe wa bango. Bayan an gama aiki, a saurare shi ta wayar hannu da ƙaramin akwatin rediyo, domin ta nan ne yawancin jama'a za su ji shi.