Ranar da sitiyari ya ƙi juyawa

Makonni uku da suka wuce, bayan an idar da sallar Juma'a, na shiga mota na sa makulli, sai ya ƙi juyawa. Na kama sitiyari, shi ma ya kafe. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa da tasa fatawar. Wani matashin bakanike ya iso da guduma da sukundireba, ya ce: "Alhaji, sai dai a fasa gidan makullin, a haɗa waya."

Saura kaɗan in amince, sai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya leƙo ya ce: "Malam, dakata. Dubi tayarka." Ashe garin neman wurin ajiye mota na manna tayar gaba da dakalin gefen titi. Ya ce in riƙa karkaɗa sitiyarin hagu da dama a hankali, ina murɗa makullin a lokaci guda. A karo na biyu mota ta tashi. Na ce: "Baba, Allah ya saka da alheri." Ko sisi bai karɓa ba.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. A jikin sandar sitiyari akwai 'yar sakata ta ƙarfe. Idan aka zare makulli, sai ta faɗa cikin wani gurbi ta riƙe sandar, domin ɓarawo ya kasa sarrafa motar. Saboda amfaninta ne aka fara sanya ta a kan duk sababbin motoci a Ingila tun 1971. Idan taya ta tokare da wani abu, nauyin yakan danne sakatar, makulli ya kasa janye ta. Sassauta mata kawai ake yi, ba ƙarfi ake sa mata ba.

Idan wannan dabara ba ta ci ba, akwai matakan bincike kafin a kai ga guduma. Mota mai giyar otomatik, a tabbatar giyar tana kan P. Sannan a gwada makulli na biyu, domin haƙoran na kullum suna cinyewa. Ƙurar hunturu ma takan cushe ramin makullin, kuma maganinta garin bakin fensir ne, ba baƙin mai ba, don mai ƙara tara ƙura yake yi. Motocin da ake tayarwa da maɓalli kuwa, wani ɗan inji mai aiki da lantarki ne ke janye sakatar. A nan batir ake fara dubawa. Idan batir lafiya yake amma ba a jin ƙarar janyewar sakata, sai a nemi mai na'urar gwajin kwamfutar mota.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali wani ne daban. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, na sha ganin direbobi suna kashe inji a gangare don tsimin mai. Da zarar inji ya mutu, sitiyari yakan yi nauyi, birki ya yi tauri bayan taku biyu ko uku. Idan kuma hannu ya zarce har makulli ya koma matakin kulle, sakatar na iya kamawa mota tana gudu. Wane tsimi ne ya kai ran fasinja goma?

Haka nan wanda aka fasa wa makulli aka bar shi da gutsattsarin ƙarfe a ciki, bai san ranar da za su sarƙe masa sandar ba. Duk makullin da ya fara gardama, a canja shi gaba ɗaya wurin gwani, tun yana gardamar a ƙofar gida.

Ni dai yanzu sai na miƙe tayoyi kafin in zare makulli. Na kuma ciro makulli na biyu daga ƙasan akwati, inda ya shekara biyar yana kwance.