Ciwon da ba ya jiran likita

Akwai cututtukan da wahalarsu biyu ce, ta jiki da ta bakin mutane. Shanyewar jiki mai zuwa da tafiya tana cikinsu. Saurayi lafiyayye zai yini yana aiki, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta. Da asuba ya farka hankalinsa garau, amma hannu da ƙafa sun ƙi ɗaguwa. Bayan ƴan sa'o'i ƙarfi ya dawo, kafin ya isa asibiti babu abin da likita zai gani. Daga nan sai a ce ragwanci ne, ko raki, ko taɓin hankali. Binciken da ya wanke irin wannan majiyyaci daga zargi ya cancanci girmamawa, ko da masu cutar ba su da yawa.

Zargin tsoho ne. A 1876 wani likita mai suna Julius Thomsen, mazaunin Kappeln a arewacin Jamus ta yau, ya wallafa bayanin wata cuta ƴar'uwar wannan, mai sa tsoka ta sandare: mutum ya damƙi abu ya kasa saki nan take, ko ya miƙe ƙafa ta ƙi takawa. Shi kansa yana da ita, haka magabatansa da wasu ƴaƴansa. Ya daɗe bai rubuta komai a kai ba, sai da aka tuhumi ɗansa da ƙaryar ciwo don gudun aikin soja. Uba ya ba da shaida, amma bai iya nuna inda cutar take ba. Sai a 1994, bayan shekara 118, aka gano lahanin a cikin zuri'arsa.

Lahanin yana cikin wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Kowace ƙwayar jijiya da ta tsoka tana kewaye da siririn tantani, kamar birni da ganuwarsa. A jikin tantanin akwai dubban ƙofofi, kowace da abin da take bari ya wuce: wata sodiyom, wata fotasiyom, wata kalsiyom, wata kulorin. Sinadaran nan suna ɗauke da lantarki, kuma shige da ficensu ke haifar da saƙon da ke umartar tsoka ta motsa. Ƙofar sodiyom takan buɗe ta rufe cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan.

A 1991 Louis Ptáček, likitan jijiyoyi a Jami'ar Yuta ta Amurka, tare da abokan aikinsa, ya nuna cewa nau'i ɗaya na shanyewar nan yana tasowa daga ƙwayar gado mai suna SCN4A, wadda ke gina ƙofar sodiyom ta tsoka. Canjin harafi ɗaya a rubutun gado ya isa ya hana ƙofar rufuwa sosai. Sodiyom ya yi ta kwarara ciki, tsoka ta daina amsa kira. Mutum yana iya yini lafiya da irin wannan ƙofa har sai wani abu ya tsokane ta: sanyi, ko yunwa, ko hutu bayan aikin ƙarfi. A 1994 suka gano cewa nau'in da ke biyo bayan cin abinci mai nauyi yana da alaƙa da ƙofar kalsiyom, a 2001 kuma suka danganta wani nau'in mai taɓa bugun zuciya da ƙofar fotasiyom. Cututtukan da a da ke warwatse a babi daban-daban suka taru ƙarƙashin suna guda, wato cututtukan ƙofofi.

Mai suka zai ce an kashe goshin ilimi a kan abin da bai fi mutum ɗaya cikin 100,000 yake samu ba, alhali zazzaɓin cizon sauro yana ɗibar yara kullum. Maganar tana da nauyi, sai dai ta manta cewa ƙofofin nan iri ɗaya ne a jikin kowa. Iyalin da ƙofarsu ɗaya ta lalace suna nuna wa masana aikin da take yi a jikin sauran jama'a. A 1995 aka gano lahanin ƙofofi a wata cutar zuciya ta gado mai kashe matasa farat ɗaya. A 1996 aka samu irinsa a wani nau'in ciwon ɓarin kai, a 1998 kuma a farfaɗiyar jarirai ta gado. Farfaɗiya da ciwon ɓarin kai kuwa babu unguwar da ba a san su ba.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce sanin cuta bai zama samun magani ba. Maganin da hukumar Amurka ta amince da shi a 2015 don shanyewar nan tsohon maganin hawan jinin ido ne mai araha, amma da aka ba shi sabon suna sai farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Laifin kasuwa ne, kuma ya kamata masu bincike su ɗaga murya a kansa, domin da jinin iyalan marasa lafiya aka yi aikin. Duk da haka, wanda ya san nau'in cutarsa ya san abincin da zai kiyaye, ya san abin da zai faɗa wa likita kafin a sa masa maganin barci don tiyata, ya kuma san cewa a yawancin nau'o'in kowane ɗa nasa yana tsakanin gado da tsira, rabi da rabi.

Akan ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ya kai masana ga gani. Tun da ciwon ba ya jiran likita, hujjar farko ita ce labarin majiyyaci da na danginsa: yaushe ya fara, me ya gabace shi, wa ya taɓa yi a gidan. A asibitocin da majiyyaci ke magana da Hausa, likita yana rubutu da Faransanci, wannan hujja tana iya salwanta a bakin tafinta. Wanda ya ce "ƙafata ta shanye" da wanda ya ce "ƙafata takan shanye" gaɓa ɗaya ce ta raba su, amma cututtukansu daban ne. Kasala, sandarewa, jiri da mutuwar jiki ma kowace da abin da take nufi, kuma in aka dunƙule su duka a kalmar gajiya, to, an goge sawun da likita zai bi.

Na'urar karanta ƙwayoyin gado tana da tsada, kuma ba kowane asibiti zai same ta nan kusa ba. Sauraron majiyyaci da zana bishiyar zuri'arsa kuwa takarda da alƙalami suke bukata, sai haƙuri da kyautata zato. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk likitan da wani ya zo masa da ciwon da ya riga ya tafi, hakki ne a kansa ya tambayi labarin uba da kaka kafin ya yanke hukunci.