Mita Ɗaya da Rabi Tsakanin Mota da Mai Keke

A shekarar 2016 'yan sandan yankin West Midlands na Ingila, inda birnin Birmingham yake, suka fito da wata dabara. Ɗan sanda zai sa kayan gida, ya hau keke da kyamara, ya shiga titi kamar kowa. Duk direban da ya matse shi wajen wucewa, sai ya sanar da abokan aikinsa da ke gaba, su tare motar. A gefen hanya suna da wata shimfiɗa da aka zana faɗin mita ɗaya da rabi a kanta, a nan ake nuna wa direba tazarar da ya kamata ya bari. Wanda gangancinsa ya yi yawa kuwa, sai hukunci. Bayan shekara guda rundunar ta ce yawan masu keke da aka kashe ko aka ji wa mummunan rauni ya ragu da kashi 20 cikin ɗari.

Abin da ya ja hankalina shi ne, direbobin nan ba su buge kowa ba. An tare su ne tun jini bai zuba ba. Mu a nan sai mutum ya kwanta a kan kwalta sannan a taru, a ce tsautsayi ne, a ba iyalansa haƙuri. Na yarda da ƙaddara, amma direban da ya ga dattijo a kan keke ya danna masa oda, ya wuce har madubin mota na shafar hannun rigarsa, da saninsa ya yi.

Wanda bai taɓa tuƙa keke a babban titi ba zai ga kamar mita ɗaya da rabi ta yi yawa. Mai keke ba ya tafiya a miƙe sak. Yana kauce wa rami, da yashi, da bakin kwata, da ƙofar motar da aka buɗe ba zato. In tirela ce ta wuce shi da gudu, iskarta kaɗai tana iya ture shi, ta kuma janyo shi zuwa tayoyin baya. Balle a ce ya ɗauko buhun masara ko yaro ɗan makaranta. Tazarar nan ita ce ke ba shi damar tangaɗi ba tare da ya faɗa ƙarƙashin mota ba.

A Janairun 2022 Birtaniya ta sa wannan awo cikin kundin ƙa'idojin hanya: aƙalla mita 1.5 idan gudun bai wuce mil 30 a awa ba, fiye da haka idan ya wuce. Wanda aka kama ana iya cin sa tarar fam 100 da maki 3 a lasisinsa, kuma in maki suka kai 12 cikin shekara uku ana dakatar da shi daga tuƙi. Sifaniya ta fi tsanani, yuro 200 da zabge maki 6. Jamus tun 2020 ta ce mita 1.5 a cikin gari, mita 2 a bayan gari.

Mu ma maganar ta shafe mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa da dama sun kakkaɓe kekunansu, suna gogayya da Adaidaita Sahu da tifa a hanya ɗaya. Kuma masu shekaru za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har bas ta ture shi cikin rami a Abuja a 2001. Mutane dariya suka yi. Ni ban ga abin dariya ba. In minista bai tsira ba, ina ga mai kai kayan miya kasuwa?

Na san abin da za a ce: sabuwar tara sabuwar ƙofar karɓar na goro ce, kuma wa zai tsaya da tef yana awo a tsakiyar titi? Damuwa ce ta gaskiya. Matsalar awon ce ma ta sa ƙasar Ayalan ta fasa rubuta adadin mita a doka, amma duk da haka a 2019 ta mai da wuce mai keke cikin ganganci laifi mai zaman kansa, da tarar yuro 120 da maki 3. Kyamarar da ke jikin jami'i kuwa shaida ce a kan direba, shaida ce kuma a kan jami'in kansa. Masu cewa titunanmu matsattsu ne, amsarsu gajeriya ce: in babu fili, ka bi bayansa har fili ya samu.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da KAROTA a Kano suna iya gwada wannan a titi ɗaya tak, misali titin Zariya. A fara da tasha-tasha, a zana wa direbobi faɗin a ƙasa su gani da idonsu, a yi shela a rediyo na wata uku. Daga nan duk wanda kyamara ta kama, ya biya tara a banki, a kuma rubuta laifin a lasisinsa.