Hayaƙin Kwal Na Iya Zama Taki, Amma a Yi Hattara

Da na ce filasma, na san hankalinku ya tafi kan talabijin ɗin falo. To ku dawo. Filasma iska ce da aka ɗura wa ƙarfin lantarki har ƙwayoyinta suka tarwatse, irin abin da ke faruwa idan walƙiya ta keta hadari. Da ita ake wanke hayaƙin kwal.

Kwal idan ya ƙone yana fitar da iskar salfa da ta naitirojin. Su ne ke shaƙe ƙirji, su tayar da asma, su sa ruwan sama ya yi tsami ya lalata amfanin gona. Kafin hayaƙin ya fita daga bututu, sai a sanyaya shi da feshin ruwa, a zuba masa amoniya, a harbe shi da lantarki mai ƙarfi. Gubar sai ta rikiɗe ta zama gari, garin nan kuwa takin zamani ne.

A Jafan aka fara gwajin a shekarun 1970. Sin ta kafa na'urar a Chengdu a 1997. Folan ta sa tata a tashar Pomorzany a farkon shekarun 2000, inda ta riƙa kama kusan kashi 90 cikin 100 na iskar salfa da kusan kashi 70 na ta naitirojin.

Me ya shafe mu? Kamfanin Sonichar na ƙona kwal kusa da Cirozerin don bai wa Agadez da Arlit wuta. A Gombe ana haƙar kwal a Maiganga don sarrafa siminti. Masu zama kusa da irin waɗannan wurare 'yan'uwanmu ne, huhunsu irin namu.

Sai dai fa na'urar tana da tsada, tana kuma cin wuta sosai, shi ya sa ba ta bazu ba. Sannan iskar kabon mai ɗumama duniya tana wucewa abinta, filasma ba ta kama ta. Don haka in kun ga bidiyo a TikTok ana cewa "kwal ya zama mai tsabta", ku ɗan dakata kafin ku tura gaba.

Duk ranar da wani ɗan siyasa ya yi alkawarin tashar kwal, ku cika masa shafi da tambaya: wace na'ura za a sa a bututun? Wa zai riƙa auna hayaƙin? Ina za mu ga sakamakon? Datarmu ai ba ta ƙare a rawa da barkwanci ba.