Gudun Jidda Ba Na Hanyar Jibiya Ba Ne

Ran 5 ga Disamba 2021 aka yi tseren motoci na Formula 1 karo na farko a ƙasar Saudiyya, a wani sabon fage da aka shimfiɗa bakin bahar a Jidda, mashigar alhazai. Tsawon fagen ya ɗara kilomita 6, lanƙwasarsa 27, aka kewaye shi sau 50. Lewis Hamilton, mutumin Ingila, shi ya ci.

Abin lura shi ne tanadin da aka yi wa gudun. Kowace mota mutum guda ta ɗauka, da hular kwano, da garkuwar ƙarfe bisa kansa. Duk sun fuskanci waje guda, ba mai tahowa, ba jaki, ba 'yar talla. Likitoci na tsaye. Sau biyu aka yi karo, aka ɗaga jar tuta, aka tsai da tseren, ba a rasa rai ba.

To, direban da ya cika mota da fasinja da buhuna, ya taso daga Katsina yana sheƙa gudu don ya riski kasuwar Jibiya, ko ya ƙetare zuwa Maraɗi, wanne ke gare shi cikin waɗannan? Ko ɗaya babu, sai rayukan bayin Allah a hannunsa.

Wajibi ne attajirai masu motoci su bar auna direba da yawan sawu, malamai kuwa su riƙa tunasar da shi cewa fasinja amana ne. Sauri kan haifi nawa. Allah ya kiyaye hanya, amin.