RA'AYINMU: Kujerar Fata, Kyan Ɗan Maciji

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, watau ranar da kasuwa ke ci, ba zai kasa lura da yawan motocin jif na hannu ba, irin su Highlander da Prado da Lexus, waɗanda aka gama mora a Amurka ko Turai kafin su iso mana. Ba mu ga laifin ma'aikacin da ya yi tanadi ya sayi irin wannan mota ba, gama wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa ya san abin da yashi ke yi wa ƙaramar mota. Abin da ya dame mu shi ne yadda akan tsawwala wa mai saye kuɗi saboda kalmomi biyu kurum, watau "kujerar fata", alhali kuwa sau da yawa bai san abin da ya saya ba.

Ya kamata jama'a su sani cewa a galibin waɗannan motoci, wurin zama da wurin jingina ne kaɗai fata. Gefuna da bayan kujerar roba ce aka yi wa zanen fata. Ita fatar kuwa ƙirgin sa ne da aka jeme da sinadari, aka tsage shi, sa'an nan aka shafe shi da launi da wani siririn rufi na roba. Wannan rufi shi ke ƙyalli, shi ne kuma ke fara mutuwa. Mota ta yi shekara goma ko fiye a ƙasar sanyi, a kawo ta inda zafin bazara kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, a ajiye ta a rana bakin ofis tun safe har lokacin tashi, gilasai a rufe. Hunturu ya zo ya ƙara busar da ita, ƙura ta cika ɗinki, duk shiga da fita sai ta goge ta. Ba a daɗewa sai ka ga kujerar ta tsattsage kamar bakin tafki da rani, soso ya leƙo.

Wasu dillalai sun san wannan sarai. Saboda haka sukan cike tsagar, su fesa fenti, su shafa mai, mota ta fito fes kamar amarya. Shawararmu ga mai saye ita ce ya duba gefen kujerar direba na wajen ƙofa, domin nan ne jiki ke goga, nan ne kuma ta fara cinyewa. Idan agogon mota ya nuna ba ta yi tafiya mai nisa ba, amma wurin nan ya lotsa, to, mai yiwuwa an taɓa agogon. Ya goga farin ƙyalle mai danshi ya ga ko launi zai biyo shi. Ya kuma sunkuya ya dubi ƙarafan ƙarƙashin kujera, ya shinshina. Tsatsa da warin ruma alama ce ta motar da ambaliya ta ci a can ƙasarsu, aka yi gwanjonta.

In kujera ta mutu, sai a nufi masu ɗinkin kujeru, waɗanda akasari leda suke sakawa. Ɗalibai za su so su san cewa kalmar nan "leda" asalinta kalmar Turanci ce mai nufin fata, amma mu roba muke kira da ita. Leda ba haram ba ce, in dai an faɗa wa mai mota, an kuma karɓi kuɗin leda. Sayar da ita da sunan fata zamba ce, kuma dokar kare masu saye ta Tarayya ta 2018 ta hana yaudara irin wannan. Sai dai doka ba ta amfanin wanda bai karɓi rasit ba.

Abin takaici, duk wannan yana faruwa ne a masarautar da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu na kwararowa Maigatari daga Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa kudu, inda akan babbake ƙiragansu a ci ganda. Waɗanda suka tsira kuwa, tambarin wuta da kaska da wuƙar mai fiɗa sun riga sun ɓata da yawansu. A zamanin En'e akwai malaman fata masu zagaya mahauta suna koyar da fiɗa da shanya. Ina magadansu?

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da ƙananan hukumomin nan huɗu na ƙasar Gumel su farfaɗo da aikin duba fatu da ƙiraga, su kuma tura matasa cibiyar binciken fata ta Tarayya da ke Samaru, Zariya, su koyo jima da ɗinkin kujerun mota. Kafin nan, muna son ƙungiyoyin dillalan motoci su wajabta wa 'ya'yansu rubuta wa mai saye a rasit ko kujerar fata ce ko leda, da kuma ko an taɓa yi mata fenti.